Gurbin da aka bari fanko: NULL ne ko rubutu mara harafi?

Auwalu, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina kan bakana, duk gurbin da aka bari fanko a fom a mayar da shi NULL, wato alamar cewa babu bayani sam, kafin ya shiga rumbun bayanai. Jiya muna rajistar 'yan Umara, gurbin imel ba dole ba ne, amma mun hana maimaituwa. Dattijo na farko ba shi da imel, ya wuce lafiya. Na biyu shi ma babu, sai Django, tsarin da muka gina manhajarmu da shi, ya ce wai wani ya riga shi wannan imel ɗin. Imel ɗin da babu shi! Ga mota cike da mutane da harami a jiki, direba sai danna hon yake.

Malam Sani, Makka: Wa alaikumus salam. Auwalu, kada ka yi kuɗin goro. Django da kansa ya ce a guji null=True, wato ba gurbi damar karɓar NULL, a gurbin rubutu, don kada "babu" ta zama iri biyu, NULL da rubutu mara harafi, kullum ka riƙa neman duka biyun. Taka matsalar ita ce togaciyar da suka yi: gurbin da ke da unique=True (an hana maimaituwa) da blank=True (ana iya barin sa fanko), shi ake sa wa null=True. Shi kaɗai.

Auwalu: To Malam, Laravel fa, wani tsarin gina manhaja irin Django? Tun fitowar 5.4 a 2017 yake mayar da fanko NULL da kansa. Rumbun bayanai na Oracle ma ba ya bambanta su.

Hadiza, Riyad: Yaya Auwalu, NULL fa ba ya daidai da komai, ko da kansa. Rubuta SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, ka ce a kawo waɗanda garinsu ba Kano ba, masu NULL ba za su fito ba, kuma ba kuskuren da zai nuna maka. Na taɓa miƙa rahoto da giɓi saboda haka, kunya kamar in nutse.

Malam Sani: Ƙwarai. Kuma maganin naka ya danganta da rumbun. PostgreSQL yana karɓar NULL ko nawa ne a gurbin da aka hana maimaituwa, SQL Server kuwa ɗaya tak.

Auwalu: PostgreSQL muke kai. Na gyara imel kawai, amma ban sallama ba tukuna.

Hadiza: Dattijon farko fa, Yaya? Nasa har yanzu fanko ne a ciki, sai ka bi ka mayar da shi NULL.