Abin da na tsinta game da canza robar gilashin gaban tsohuwar mota

Da na kai tambayata zaman makanikai a Gusau kan yadda zan canza robar gilashin gaban wata Datsun 280Z ƙirar 1977 da nake farfaɗowa da ɗan abin da ke hannuna, shawarwari sun yi yawa.

Kowa ya yarda tsohuwar roba ba ta komawa, zafin rana ya riga ya busar da ita. A yanka ta da wuƙa, a ceci gilashin, shi ne mai wuyar samu. Ƙarfen adon da ke zagaye da gilashin kuwa a cire shi a hankali, in ya lanƙwashe ba ya miƙewa daidai.

Inda aka fi daɗewa shi ne tsatsar mazaunin gilashin. Wani dattijon mai gyaran jikin mota ya ce min, "Ɗana, ruwan damina a kusurwoyin ƙasa yake kwana." A kankare wurin har ƙarfe ya fito fari, a shafa fenti, ya bushe, sannan a yi maganar roba. Wannan na fi ɗauka da muhimmanci.

Wajen ɗorawa: igiya siririya cikin ramin robar, ruwan sabulu, mutum ɗaya na danna gilashin daga waje, ɗaya na jan igiyar daga ciki. Sun hana ni liƙewa da silikon mai warin tsami, yana cin ƙarfe.