Harbina ya fi nasa kyau amma ya ba ni ratar sakan biyar, ina lokacin yake zurarewa?

Sabon-Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na koma rukunin PCC, wato karabin, doguwar bindiga mai cin harsashin 9mm, bayan shekara uku ina gasa da fistol. Saiti kam ya zo mini da sauƙi, jan ɗigon nan na madubin saiti sai ka ce an ɗora maka hannu. Ƙafata ce ta ƙi.

A gasar da muka yi makon jiya akwai zango mai harsashi 24, maki 120, wuraren tsayawa huɗu. Na samu maki 112 a sakan 21.4. Wani dattijo mai furfura, wanda na tabbata in tseren mita ɗari ne ba zai ga ƙurata ba, ya samu 104 a sakan 16 cif. Da aka raba maki da lokaci shi yana da 6.5, ni ina 5.2. Na kalli bidiyona har ya ishe ni. Gudu nake yi bil haƙƙi, shi kuwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. To ina sakan biyar ɗin nan suka shiga? Sannan gindin bindigar, a kafaɗa kuke barinsa in za ku motsa ko saukewa kuke yi?

Baba-Mai-Taima:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka daina kallon bidiyon, ka saurare shi. Ko mafi kyau, ka ari taima, na'urar ƙidaya lokacin harbi, ka duba tazarar da ke tsakanin harbin ƙarshe a wuri ɗaya da harbin farko a wuri na gaba. A nan ɓarawon yake.

Ban ga bidiyonka ba, amma bari in faɗa maka abin da ke ciki. Kana harba na ƙarshe, sai ka ɗan tsaya kana duba ko ya samu. Sannan ka sauke bindiga, sannan ka waiga neman hanya, sannan ka zabura. Ka isa da gudun tsiya, ka taka burki da ƙafa biyu, jiki na rawa, ka ɗaga bindiga, ka nemo ɗigo. Kowace tasha ka bar fiye da sakan ɗaya a ƙasa, sau uku, ga kuma farawa da gamawa. Dattijon naka ya iso wurin a hankali amma bindigarsa tana kafaɗa tun saura taku biyu, idonsa yana kan inda kwalin da za a harba zai ɓullo daga bayan katanga. Ƙafarsa ta ƙarshe na sauka cikin layi, harbi na tashi.

Burki da cinya ake yinsa. Ka rage tsawo, ka sassauta gwiwa, takun ƙarshe su zama gajeru. In ka iso a miƙe kamar sanda, ɗigon zai yi ta lilo kana jiransa. Wajen fita kuma ka tsara zangon yadda kwalin ƙarshe zai zama mai sauƙi, na kusa kuma buɗaɗɗe, don ka harbe shi nauyinka ya riga ya karkata inda za ka. Farantin ƙarfe mai nisa ba a barinsa na ƙarshe, in ka kuskure sai ka dawo.

Ka kuma yi lissafin nan. PCC a ƙaramin ma'auni ake ƙirga ta: A, tsakiyar kwali, maki 5, C da ke kewaye da ita maki 3, D na can gefe maki 1. A zangon da ake cin 6.5, sakan guda ya kai maki shida da rabi, wato ya fi C uku tsada. Kai ka sayi maki takwas da sakan biyar. Ciniki ne na asara.

Batun gindin bindiga: taku biyu ko uku, bar shi a kafaɗa, ka ɗan sunkuyar da baki don ka ga ƙasa. Fiye da haka ka cire shi ka yi gudu irin na mutane.

Alƙaliyar-Fili:

Baba ya gama magana kan lokaci, ni bari in taɓa abin da ke sa mu ce wa mutum ya tattara kayansa. Ɗan'uwa, da ka ce daga fistol ka zo sai da gabana ya faɗi kaɗan, don fistol a hannu ɗaya take, kana juya wuyan hannu ta bi. Karabin hannu biyu ke riƙe ta, duk inda ƙirji ya juya can take bi.

In kai badame ne, gudu zuwa dama ba shi da matsala, bakin bindiga da kansa yake kallon tudun da ke tare harsashi. Zuwa hagu ne tarkon. Kana juya jiki hagu da hannu biyu a kanta, bakin ya kama hanyar ƙetare layin digiri 180, wato ya fara juyowa baya, kuma ko da ɗan kaɗan ne hukuncinsa kora daga gasar gaba ɗaya, ba rage maki ba. Da yawa sukan saki hannun hagu, su riƙe ta da dama kaɗai, bakin yana kallon gaba, jiki ya tafi abinsa. Komawa baya ya fi wannan ma haɗari: bindigar takan zauna a bayanka tana kallon tudu, kai kana ja. Ka gwada wannan sau ɗari ba harsashi kafin ka kai shi gasa.

Yatsa kuma a wajen kariyar kunama, a inda zan gan shi, duk lokacin da ka motsa fiye da taku ɗaya ba kana saiti ko harbi ba. Kuma in ka sunkuyar da baki kamar yadda Baba ya ce, ka kula kada ya bi ta kan ƙafarka. Wannan ma kora ce.

Gajere-Mai-Tsalle:

Ni dai ban yarda da cire gindi daga kafaɗa a taku huɗu ko biyar ba, Baba ya yi haƙuri. Na auna da taima, mayar da shi kafaɗa yana cin mini abin da gudun ya samo, wani lokacin ma ya maƙale a riga. Sai tazara ta wuce mita biyar nake cirewa. Kowa ya auna nasa.

Abin da ba a ambata ba shi ne taga da katanga. Dogon bututu inci 16 ne a gabanka. In ka cusa shi cikin taga, sai ka ja baya kafin ka fita, asara biyu. Tsaya nesa da katangar gwargwadon yadda za ka ga kwalayen. Sai dai ka tuna ɗigon yana sama da bututu da wajen inci biyu da rabi, ido na ganin sarari amma harsashi na cin gefen taga. Na taɓa fasa katakon wani zango haka, har yau ana yi mini tsiya.

Sabon-Shiga:

Na gode ƙwarai. Baba, na saurari bidiyon kamar yadda ka ce, kuma kunya ta kama ni. Daga wuri na biyu zuwa na uku taku biyar ne kacal, amma shirun da ke tsakani ya kai sakan uku da rabi. Har da ɗan leƙen da nake yi wa kwali bayan na harba, ban san ina yi ba.

Jiya na shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa, mita huɗu tsakani, bindiga ba magazin ba harsashi, na yi ta shiga da fita minti ashirin. Zuwa dama ya fara zama. Zuwa hagu kuwa, Hajiya, da kina wurin da kin kore ni sau uku. Hannun hagun da na saki yana dawowa ne a makare, kuma ba ya sauka wuri ɗaya a jikin bindigar. Akwai mai sa wata alama a wurin, ko tef ne, don hannu ya riƙa gane masaukinsa?