Wane injin yankan itace zan saya? Daga zauren masu sana'ar itace na ƙasar Daura

Mai Faskare, Sandamu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Shekara biyu ke nan ina kai wa gidajen burodi uku itace a cikin Daura, ban da aikin rage rassan bedi da ake kirana a gidaje da makarantu. A tsakanin nan injina biyu suka mutu a hannuna, duk irin masu arahar nan da ake rubuta wa 5800. Na ƙarshen ranar Laraba ya tsaya, ina tsakiyar gindin turare a wata gona ta hanyar Zango, mai motar da zai kwashi itacen yana tsaye a kaina. Na ja igiya har tafin hannuna ya yi bororo, bai ko yi tari ba. Yanzu na ɗauki adashi, na haɗa da kuɗin bijimina, ina son na gaske, matsakaici. Wani ɗan'uwanmu da ke Turai ya ce zai iya sako mini Stihl MS 261 cikin kaya. A Kano kuma an ce mini akwai MS 382 da Husqvarna 365. Wanne zan ɗauka?

Baba Ofareta: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ambaci suna, gaya mana kaurin itacen da ka fi yanka. Kuma gunduwa kawai kake yi, ko har da tsaga katako?

Mai Faskare, Sandamu: Baba, yawanci bedi da turare ne, wanda mutum zai iya runguma. Wani lokaci a kira ni ga tsamiya ko ɗorawa da iska ta kayar da damina, waɗannan kam sun fi ƙarfin hannu biyu. Ba na tsaga katako, sai dai ina da niyya nan gaba.

Ɗan Mai'aduwa: In dai kana da niyyar katako, kada ka wahalar da kanka, Stihl 070 kawai. Shi ne uban tafiya. Ko'ina ka shiga akwai kayansa.

Baba Ofareta: A'a, ɗan Mai'aduwa, kada ka ɗora masa abin da ba nasa ba. Na yi shekara goma sha ɗaya da 070 a dazukan kudu, na san shi kamar yunwar cikina. Injin sisi 106 ne, wato awon girman silindarsa ke nan, kuma nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa biledi da sarƙa ba, ba a zuba mai ba. An yi shi ne don a kwantar da gungume a yi ta tsaga daga safe har la'asar. Yaron da zai wuni yana sunkuyo yana gunduwa, gobe kuma ya ɗaga inji sama yana rage rassa, in ka ba shi wannan ka kashe masa baya tun bai yi aure ba. Ni yau kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai in sanyi ya shigo. Sannan tsofaffin 070 da yawa ba su da birkin sarƙa. Wannan kaɗai ya isa ya sa in hana shi.

Malamin Fasaha, Katsina: Salamu alaikum. Bari in ajiye lambobin don a san abin da ake kwatantawa. MS 261 sisi 50 ne, ƙarfinsa kilowat 3, nauyinsa kilo 4.9. MS 382 sisi 72 ne, kilowat 3.9, kilo 6.2. A tsakaninsu akwai MS 362 mai sisi 59. A ɓangaren Husqvarna, 550 XP shi ne sa'an 261, shi kuma 372 XP mai sisi kusan 71 shi ne sa'an 382. 365 ƙanin 372 ne, kayan jikinsu da yawa ma iri ɗaya ne. Stihl na Jamus ne, Husqvarna na Suwidin, kuma dukkansu injinan ƙwararru ne, ba na sharar gida ba. In don aikin da ƙanena ya faɗa ne, ni 261 ya fi kwanta mini. Bambancin kilo ɗaya da ɗoriya ba a jinsa da hantsi, sai bayan azahar. Kuma ya fi sauƙin shan mai, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 kowace lita sai an yi mata lissafi.

Bakanike, Ƙofar Marusa: Malam, lissafinka daidai ne, amma bari in faɗi abin da nake gani bisa tebur. Ka tambayi ɗan'uwan nan naka, bayan 261 ɗin akwai harafin C-M? In akwai, to kafiretonsa mai ƙwaƙwalwa ne, M-Tronic suke ce mashi. Husqvarna su kuma AutoTune suke kiran nasu, shi ke cikin 550 XP da 562 XP. Injin da kansa yake daidaita mai da iska, babu sukurorin daidaita mai na H da L da zan sa sukundireba in murɗa. Ranar da yake lafiya babu kamarsa. Ranar da ya ƙi, ni dai ba ni da na'urar duba shi, kuma ɗan bawul ɗin da ke buɗe mashi mai ba abin da za ka shiga shago ka ce a miƙo maka ba ne. Akwai ɗaya a shagona yanzu haka, wata na huɗu ke nan yana cikin buhu, mai shi yana jiran a aiko mashi da kaya daga waje. Injin lafiyayye ne ƙalau, abin da ya tsayar da shi bai kai girman ɗan yatsa ba. Mutumin ya koma aron inji yana raba kuɗin aiki biyu.

Shi 382 kafireton hannu gare shi. Fistan, ringi, kuloci, igiya, kwayil, duk ana samu, na asali da na kwaikwayo. In ya tsaya maka da safe, da izinin Allah da marece ka koma aiki.

Malamin Fasaha, Katsina: Wannan gaskiya ce, Oga. Akwai 261 wanda ba C-M ba, mai kafireton hannu, amma sai an tabbatar. Kuma a awon girman sarƙa, tasa .325 ce, ba 3/8 ba.

Bakanike, Ƙofar Marusa: Yauwa, ka kawo ɗaya matsalar. 3/8 da .404 su suka cika kasuwa. .325 sai ka yi yawo.

Yaya Mai Gandu, Baure: Ni ku bar ni in yi wa Husqvarna magana, tunda na ga kowa ya karkata gefe ɗaya. 365 gare ni, shekara shida, da shi nake yanke turaren da na dasa a gandu. Abin da ya sa nake son shi ƙura ce. Ku da kanku kun san yadda hunturu yake a nan, ga garin busasshen itace. Shi fankar injin ce take watsar da manyan ƙurar waje kafin iska ta isa filta, don haka filtar tana daɗewa ba ta toshe ba. Hannunsa kuma a kan sifirin yake, ba ya girgiza mutum sosai. Da can in na wuni da tsohon injina, da dare yatsuna sai su yi ta zuga kamar an sa musu barkono. Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙanena: duk abin da ya lalace, Kano nake aikawa. Shi ya sa nake ajiye fulogi biyu, igiya, filtar mai da sufuroket a gida kullum. Kuma biledin Stihl ba ya hawa kansa, mazaunin ba ɗaya ba ne. Ko sarƙar ma, duk da ita ma 3/8 ce, kaurin ƙafarta ya bambanta, tawa milimita 1.5, ta Stihl yawanci 1.6. Na taɓa sayo wadda ba ita ba, sai da na dawo Baure na gane.

Ɗan Mai'aduwa: Akwai Echo CS-590 ma, na kamfanin Japan, sisi kusan 60. Na gan shi hannun wani da ya shigo da shi daga Nijar, yana ci sosai. Sai dai ban taɓa ganin kayansa a shago ba.

Mai Faskare, Sandamu: Allah ya saka da alheri. To in 382 ne, wane tsawon biledi? Mai shagon da na yi wa waya ya ce in ɗauki inci 25 ko sama, wai ya fi kyau.

Baba Ofareta: Inci 20 ya ishe ka. Biledi inci 20 yana yanke gindin da ya kusa ninkinsa, in ka ci ta nan ka zagaya ka ci ta can. Dogon biledi yana jan ƙarfin inji, yana shan man sarƙa, haƙoran da za ka wasa sun ƙaru, bakinsa kuma kullum yana neman ƙasa. Kuma ƙasarmu rairayi ce. Sarƙa ta taɓa rairayi na ƙiftawar ido, ta dakushe ke nan.

Wannan ita ce maganar da na fi son ka riƙe. Injinan da suka mutu a hannunka, ban ce masu kyau ba ne, amma ina zargin da dakusasshiyar sarƙa ka yi ta matsa musu. Ka riƙa duba abin da ke zubowa. In ɓarɓashi ne manya kamar an fere rogo, sarƙa na ci. In ya koma gari kamar na tuwo, tsaya. Kada ka danna, dannawar ce ke dafa inji. Ni duk lokacin da na zuba mai sai na zauna a kan gungume, na maƙale biledi, na bi kowane haƙori da magagari sau biyu ko uku, daga ciki zuwa waje, a karkace digiri 30. Ba ya cin minti biyar. Sarƙar 3/8 ta Stihl magagari mai kauri milimita 5.2 take so. Kuma ka nemi sarƙa mai haƙori mai ɗan lanƙwasa a kusurwa, ba mai kusurwa tsaf ba. Mai tsinin ta fi gudu a ɗanyen itace mai tsabta, amma ɓawon itacenmu cike yake da ƙura, busasshiyar kirya ko marke kuwa kamar ƙarfe suke. Mai lanƙwasar ta fi jimiri.

Bakanike, Ƙofar Marusa: Baba ya gama magana. In ƙara da mai. Mafi yawan fistan da nake cirowa da zane a jiki, haɗin mai ne ya kashe su. Kashi 50 na fetur, kashi 1 na man 2T mai kyau, wato mil 100 a lita 5. Ka sayi sirinji a kemis ka riƙa aunawa, ka daina zubawa da ido. Kada ka sa baƙin man mota a fetur. Kada ka haɗa wanda zai wuce wata ɗaya a jarka. Fetur ɗin bakin hanya kuma ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Sannan don Allah, baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne, akwai ɗiɗɗigar ƙarfe cikinsa, yana cinye famfon mai. Kuma kada ka yarda wani ya matse maka H don injin ya yi ƙara mai daɗi. Yana rage mashi mai ne, man kuwa shi ke ɗauke da abin da ke sanyaya fistan.

Hajiya Mai Gidan Burodi: Salamu alaikum. Ni ba inji na sani ba, itace nake saye. Amma ɗana, cikin kuɗin nan ka ware na takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau, da abin toshe kunne, da wandon kariya in an samu. Yaron da yake kawo mana itace da can da silifa yake aiki. Bakin biledin ya taɓa wani reshe, injin ya yi tsalle ya dawo masa. Ni na kai shi asibiti a motar burodi, jinin da na gani ran nan har yau ban manta ba. Ya rayu, alhamdulillahi, amma bai koma sana'ar ba. Ina roƙonka kada ka sayi wanda birkinsa ba ya aiki, ko nawa aka rage maka.

Baba Ofareta: Allah ya saka, Hajiya. Saman bakin biledi ne ke yin wannan. Ba a yanka da shi, ba a kuma ɗaga inji sama da kafaɗa. Babban yatsan hagu kullum ya zagaye mariƙi.

Yaya Mai Gandu, Baure: Tunda inji mai ƙarfi zai shigo hannunka, ga amana. Mu nan bakin hamada muke. Bedi da turare in ka yanke su daidai suna sake tohowa, ni turarena sau biyu ke nan ina girbe shi daga gindi ɗaya. Amma gawo da kirya da kanya masu rai, ko mai gona ya ce ka kayar, ka je wurin malamin daji na ƙaramar hukuma tukuna. Abin da ya shekara hamsin yana tsaye, 382 zai kwantar da shi kafin shayi ya huce.

Mai Faskare, Sandamu: In sha Allahu, Yaya, na ɗauka. Zuciyata ta kwanta da 382 da biledi inci 20. Ɗan'uwan nawa zan ce ya aiko mini da wandon kariya da hular kwano maimakon injin. Tsorona ɗaya yanzu, jabu. Yaya zan gane?

Bakanike, Ƙofar Marusa: Kalar lemu da fari ba shaida ba ce, masu kwaikwayo sun iya fenti. Na asali yana da lamba tara da aka buga a jikin ƙarfen injin, ba a takarda kawai ba. Lambar farko tana nuna masana'anta, 1 Jamus, 3 Barazil, kuma 382 a Barazil ake yin shi, don haka kada ka ga Barazil ka tsorata. Amma lamba ma ana bugawa, shi ya sa sai an haɗa da duba aikin roba, da sukurori, da rubutun da ke jikin kafireto. In kuɗin ya yi araha ƙwarai, ka ajiye. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar. In kuma na hannu ne, a kwance salansa a haska fistan da tocila, ya zama sumul babu zane. Ka ɗaga injin da igiyarsa, in ya zube ƙasa da sauri matsinsa ya tafi. A tayar, a nuna bakin biledi ga kwali a ba shi wuta, ya kamata ka ga layin mai ya fito.

Ranar Asabar zan shiga Kano sayen kaya. In ka shirya, mu haɗu can da ƙarfe goma, ka kira ni in ka sauka mota. Zan zo da makullin tauraro da tocila, kai kuma ka taho da lita ɗaya ta fetur da ka haɗa da hannunka, don a tayar da shi a gabanmu.

Mai Faskare, Sandamu: Na gode, Oga, Allah ya bar zumunci. Motar farko zan biyo daga Daura.

Baba Ofareta: Ka sayo sarƙa biyu da magagari uku. In kun dawo ka biyo ta gida da injin, akwai gungumen bedi a ƙofar gidana, a kansa zan nuna maka wasawar.