Muhawara: Giacosa marubuci ne ko telan Puccini?

Tsohon Malami: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna yau. Giuseppe Giacosa, mutumin Italiya, an haife shi a 1847 a wani ƙauye kusa da Ivrea, a yankin Piedmont. Lauya ya karanta a Turin, ya ajiye ya rungumi rubutun wasan kwaikwayo. A 1888 ya koma Milan yana koyar da adabin wasan kwaikwayo a makarantar kiɗa ta birnin. Ya kai matsayin da ya rubuta wa shahararriyar 'yar wasan Faransa Sarah Bernhardt wasa a 1891, ya bi ta har Amurka. Irin wannan mutum ne ya kwashe fiye da shekara goma na ƙarshen rayuwarsa yana tsara wa mai tsara kiɗa Giacomo Puccini baitocin opera, wasan nan da ake rera kowace magana da kiɗa: La Bohème, Tosca, Madama Butterfly. Ni a wurina asara ce. Mai rubuta wa opera baiti tela ne, an auna masa, ya ɗinka. Yau ka tambayi kowa wa ya yi Tosca, Puccini zai ce maka. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ɗalibar Adabi: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara girma. Amma a yi mini afuwa, da ba don waɗannan ukun ba, da wa zai ambaci Giacosa a wajen Italiya yau? Wasanninsa na ƙashin kansa sai ɗaliban adabin Italiyanci suka san su. Baitocin da kuke kira ɗinki kuwa babu shekarar da ba a rera su a manyan ɗakunan opera na duniya.

Tsohon Malami: Ana rera su, amma da sunan wa? 'Yata, yawan rerawa ba shi ne mallaka ba.

Mai Kunnen Kiɗa: Malam na da hujja fiye da yadda ya faɗa ma. Akwai labarin da ake yawan bayarwa kan La Bohème. Puccini ya riga ya tsara kiɗan waƙar Musetta, ɗaya daga cikin matan wasan, babu kalmomi, sai ya aika da wasu kalmomin shirme don a gane awon: "cocoricò, cocoricò, bistecca", wato carar zakara sau biyu da yankan nama. Aka ce wa farfesa guda ya zuba baiti a kan wannan. Ya zuba, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi sani a wasan. Sannan akwai wani babi sukutum da Giacosa da abokin aikinsa Luigi Illica suka rubuta, wanda ke faruwa a tsakar gida, Puccini ya cire shi ya jefar. Giacosa da kansa ya yi ta kai kuka wurin Giulio Ricordi, mai kamfanin da ke buga ayyukan, cewa an sa shi maimaita wuri ɗaya har ya gaji, kuma ba sau ɗaya ya ce ya ajiye aikin ba. Wanda ke jin daɗin aiki ba ya yawan rubuta takardar murabus.

Ɗalibar Adabi: Yaya, labarin zakaran nan ai ni yake taimaka wa. A ba ka awon da ba za ka ƙara gaɓa ɗaya ba, a ce wasalin da mawaƙiya za ta ja ya faɗo daidai inda kiɗa ya hau, kuma maganar ta fito da halin mace mai son a kalle ta a titi. In abu ne mai sauƙi me ya sa Puccini bai rubuta da kansa ba?

Autan Zaure: Ni tambaya ce da ni. Ai na ga su biyu ne, shi da Illica. Wa ke yin me?

Hajiya Mai Karatu: Auta ka kawo mu inda maganar take. Illica ne ke tsara ƙashin labari, ya raba shi babi-babi, ya rubuta zancen farko cikin sauri. Giacosa ke karɓa ya mayar da shi waƙa, ya tace, ya rage, ya gina wuraren da mawaƙi zai tsaya shi kaɗai ya buɗe zuciyarsa. Akwai kuma aikin da ba a rubuta shi a takarda: Illica mai zafin kai ne, Puccini ba ya gamsuwa, Giacosa ne mai sanyin da ke raba su. Puccini har Buddha yake ce masa saboda ƙiba da natsuwa. Don a ga amfaninsa a dubi Manon Lescaut, operar Puccini ta 1893. Hannaye suka yi yawa a rubutunta har aka buga ta ba sunan marubuci a kai. Daga nan Ricordi ya haɗa waɗannan biyun, aka sami opera uku a jere: Turin a 1896, Roma a 1900, Milan a 1904. Giacosa ya rasu a 1906, kuma daga ranar Puccini da Illica ba su ƙara kammala opera tare ba, ko da yake Illica ya rayu har 1919. Malam, in tela ne kawai, ai da an nemo wani telan an ci gaba.

Tsohon Malami: Hajiya, Allah ya ja kwana, an nemo ai. La fanciulla del West ta Puccini ta fito a New York a 1910 da wasu marubutan. Shi ma Illica shi kaɗai ya rubuta wa wani mai tsara kiɗa, Giordano, operar Andrea Chénier a 1896, kuma har gobe ana yin ta. Kowa ya ci gaba da harkarsa ba Giacosa. Abin da ba wanda zai iya yi a madadinsa shi ne nasa wasannin. A duba Tristi amori ta 1887. Matar aure ce ke cin amanar mijinta da abokin aikinsa a wani ƙaramin gari, kuma cikin wannan tashin hankali sai ga ta zaune da 'yar aiki suna lissafin kuɗin cefane. Wannan idon marubuci ne wanda ya san yadda musiba ke shigowa gida alhali tukunya na kan wuta. A Roma wasan bai karɓu ba da farko, sai da fitacciyar 'yar wasa Eleonora Duse ta ɗauke shi a Turin ya tashi. Irin waɗannan nawa muka rasa saboda yana can yana ƙirga gaɓoɓi?

Hajiya Mai Karatu: To Malam ga abin da ya karya lissafin nan. An fara nuna Tosca a Roma ranar 14 ga Janairun 1900. Kafin watan ya ƙare aka fara nuna Come le foglie a Milan, wasansa na kansa kan iyalin attajirin da ya karye suka koma Suwizalan, kuma shi ne mafi karɓuwa a duk abin da ya rubuta. Wata ɗaya fa. Shekara na zagayowa ya zama editan mujallar La Lettura ta jaridar Corriere della Sera. Ina alamar cewa Puccini ya kashe masa alƙalami?

Mai Kunnen Kiɗa: Hajiya kin kama mu a nan. Amma ki tuna Giacosa bai so Tosca ba tun farko. Ya shaida wa Ricordi cewa wasan marubucin Faransa Sardou da aka ɗauko ta daga ciki duk aukuwa ce a kan aukuwa, ba wurin da waƙa za ta numfasa. Ba a saurare shi ba.

Ɗalibar Adabi: Ba a saurare shi ba, kuma Tosca ta yi nasara, wannan kam ya faɗi. A Butterfly kuma shi ya ci. Ya gargaɗi Puccini kada a haɗa rabin wasan na biyu ya zama doguwar zama ɗaya ba hutu. Puccini ya ƙi. Ranar 17 ga Fabrairun 1904 'yan kallo a La Scala, ɗakin opera na Milan, suka yi wa wasan ihu, aka janye shi bayan dare ɗaya. Da aka mayar da shi Brescia a watan Mayu an raba wurin gida biyu, an ƙara wa Pinkerton, mijin Butterfly a wasan, waƙar bankwana, sai ga nasara. Ban ce rabawar kaɗai ta jawo hakan ba, don ana zargin akwai 'yan hassada da suka shirya ihun na Milan. Amma mutumin da zai kalli tsarin wasa ya ce nan zai karye, kuma ya karye, ya wuce mai cike gurbi.

Tsohon Malami: Na karɓi maganar Janairun 1900, Hajiya. Ban janye sauran ba. Wanda ke da gaskiya amma ba shi da ikon zartarwa ma'aikaci ne, komai iliminsa. A nasa wasan ba wanda zai cire masa babi.

Autan Zaure: Malam ko a can ai sai 'yar wasa ta yarda. Ba ku kuka ce sai da Duse ta ɗauki wancan ya tashi ba?

Tsohon Malami: Kai Auta, je ka karanta Tristi amori tukuna sannan ka dawo mu yi.