Wace kalma za mu sa wa "driver" na katin sadarwa?

Daga Gwallameji: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya wa ɗalibai bayani da Hausa kan katin sadarwa (na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet) da ya ƙi aiki a FreeBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin su Windows, kalma ɗaya ta tsaya a maƙogwaro: driver, wato manhajar da ke sa tsarin ya iya aiki da katin. A kasuwa "direba" ake cewa, amma da zarar ka rubuta "direban katin bai hau ba", mai karatu sai ya hango tashar Muda Lawal. Akwai wadda ta fi?

Daga Wunti: Wa alaikumus salam. A ce linzami mana, tunda da shi ake juya na'urar.

Daga Gwallameji: Yaya, linzami ai an riga an ba wa ɓeran kwamfuta.

Daga Yelwa: Ni dai tafinta nake gani, aikinsa ne ya nuna haka. Kowane kati da yarensa, zuciyar tsarin (kernel) kuma nata ɗaya ne tak, sai an sa mai fassara a tsakani. Buga `pciconf -lv` ka nemi layin katin. In ya fara da `re0` ko `em0`, an samu tafinta. In ya fara da `none`, tsarin ya ga baƙo amma babu mai jin bakinsa. Daga nan ka duba lambobi biyu: ta kamfani, 0x10ec Realtek ce, 0x8086 Intel, sai ta samfurin katin. Da waɗannan lambobin tafinta ke gane nasa, sunan da ke jikin kwali bai dame shi ba. Shi ya sa katin Realtek RTL8168 ke tashi da kansa da tafinta mai suna `re`, ƙaninsa RTL8125 mai gudun gigabit 2.5 kuma ya yi shiru a FreeBSD 13, alhali gidansu ɗaya. A OpenBSD, ɗan'uwan FreeBSD, ma tafinta daban aka rubuta masa, `rge`.

Daga Wunti: Injiniya, na sallama. Sai dai a gaya wa ɗaliban mafita, kada a bar su a rana. Maganin 8125 shi ne `pkg install realtek-re-kmod`, sannan layi biyu a `/boot/loader.conf`: `if_re_load="YES"` da `if_re_name="/boot/modules/if_re.ko"`. In ka manta na biyun, tsohon tafintan ne zai ci gaba da zama a kujerar. Matsalar kuma, da wace intanet za ka sauko da shi tunda katin bai tashi ba? Jona wayar Android da igiyar USB, kunna raba intanet, `kldload if_urndis`, za ka ga `ue0`, sai `dhclient ue0`.

Daga Fadaman Mada: Tafinta ta zauna, har ma ta raba mana cuta biyu da ake cakuɗawa. Rashin tafinta daban, tafinta mai in'ina daban. Na biyun shi ne katin ya tashi, ya karɓi adireshi, ana cikin kwasar babban fayil ya yanke, `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin zuciyar tsarin, ya nuna `re0: watchdog timeout`. A nan a fara gwada `ifconfig re0 -rxcsum -txcsum -tso`, wato a karɓe wa katin lissafin da aka ɗora masa a mayar wa kwamfutar. In ya lafa, a rubuta a `/etc/rc.conf`. Kuma duk wanda ya ɗaga tsarin zuwa sabon fitowa ya sake sauko da tafintan, don wanda aka haɗa wa tsohuwar zuciya yakan ƙi hawa sabuwa.

Abu ɗaya, kada a kira firmware tafinta. Wannan a cikin katin kansa yake aiki, katunan Wi-Fi na Intel ba sa motsi sai an loda musu shi. A OpenBSD `fw_update` ke kawo shi.

Daga Yelwa: Gaskiyarki Malama. Wannan a ce masa manhajar ciki.

Daga Wunti: A shago dai direba za a ci gaba da cewa, ko an ƙi ko an so.

Daga Gwallameji: Ba laifi, Yaya. A rubuce zan sa "tafintan kati", in ambaci direba sau ɗaya a farko don masu shago su gane. Jam'in fa, tafintoci?

Daga Fadaman Mada: Tafintoci. Manhajar ciki kuwa a bar ta a buɗe tukuna, ba ta gama kwanta mini ba.