Maki na da kyau amma yaro bai iya karatu ba

Salam jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Yarona yana aji 3 na firamare, duk ƙarshen zango sai ya kawo sakamako mai kyau, Turanci 78, wai shi ne na 5 a aji, amma wallahi in na buɗe masa littafinsu ko layi ɗaya baya iya karantawa, hoto kawai yake kallo yana canka. Na samu malamar ajin tace makin tes da aikin gida ne suka ɗaga shi, alhali aikin gidan yayarsa ke yi masa. Hedimasta kuma yace ba a ba iyaye takardun jarabawa. Yaya zan yi su gwada karatunsa a gabana kafin su tura shi aji 4?