Ganyen tumatirina ya yi ɗigo-ɗigo yana nannaɗewa: cuta ce ko daga iri ne?

Maman Ummi, Zariya:
Assalamu alaikum. Na shuka tumatir a buhuna a bayan gida, irin kuwa daga wani tumatir mai kyau da na sayo a kasuwa na cire. Tun da hunturu ya fara ja baya hankalina bai kwanta ba. Ganyayen ƙasa sun yi ɗigo-ɗigo fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. A wasu tushen kuma sabon toho ya ƙanƙance, ya nannaɗe sama, gefensa rawaya, fure yana ta zuba. Sai wani guda da tun yana ƙarami rabin ganyensa fari ne fat, rabi kore, amma lafiyarsa lau. Maƙwabciyata ta ce taki ne bai isa ba. Don Allah masana a duba mini, da wannan nake rage cefane.

Baba Manomi, Kadawa:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kar ki ƙara taki tukuna. Ƙarancin taki bai cika yin irin wannan ɗigon ba, yawanci rawaya yake sa tsohon ganye. Ki sami farar takarda ki tara ƙarƙashin ganyen, ki buga shi da yatsa. In kin ga ƙura-ƙura tana motsi, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, suna tsotsar ganye ta ƙasa, kuma zafi da bushewar iska suke so. In sun yi yawa har saƙa za ki gani. Ki wanke bayan ganyen da ruwa da yamma, ki bi da ruwan darbejiya da ɗan sabulu kaɗan, ki maimaita duk mako don ƙwansu na ƙyanƙyashewa.

Ki kuma ɗaga ganyen a hasken rana. In farin tabon yana da faɗi kuma akwai tsutsa a cikinsa, to sharon ce, tsutsar da ke cin cikin ganyen tumatir, wadda ta cinye mana gonaki a Kano da Kaduna a 2016. Irin wannan ganyen tsinke shi ake a ƙona.

Malamin Gona:
Hajiya, masu nannaɗewar su suka fi damuna. Ki girgiza tushen da safe. Idan ƙananan fararen ƙwari suka tashi, kusan tabbas cutar nannaɗewar ganye ce, su ke ɗaukar ta daga wannan tushe zuwa wancan. Ba ta da magani, duk wanda ya sayar miki da kwalba a kanta kuɗinki ya ci. Na san da ciwo a tuge abin da aka raina, amma ki sa leda ki rufe tushen, ki tuge, ki fitar da shi daga gidan. Tambaya ɗaya: an yi feshin maganin ciyawa kusa da ke, ko kin ari famfon feshi? Maganin ciyawa ma yana murɗe toho, sai dai ganyen kan zama siriri dogo.

Anti Ladi, Jos:
Mai farin ganyen kuwa ki bar shi. Halitta ce ta sauya masa, wancan ɓangaren ba ya yin koren launi. Abin da ke raba shi da cuta shi ne da shi ya tsiro, iyakar farin a fili take, ganyen bai yamutse ba, kuma bai shafi na kusa da shi ba. Wataƙila 'ya'yansa su ɗan yi ƙaranci.

Maman Ummi, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada takardar, suna nan suna yawo jajaye. Malam, ba a yi feshi ba, fararen ƙwarin kuma sun tashi, don haka yau zan tuge. Anti, zan iya ajiye iri daga masu lafiyar?

Anti Ladi, Jos:
Ni ban ba ki shawara ba, ƙanwata. Mai yiwuwa na kasuwar haɗin aure ne, wato iri biyu daban aka haɗa aka samar da shi, jikokinsa kowa da kamarsa suke fitowa. Ki sayi na fakiti, ki duba ko an rubuta yana jure cutar nannaɗewa, ki kuma rufe wurin rainon ƙananan tsiron da gidan sauro har ranar dashe.